Kunnen Mai Guga

Duk layin babu wanda bai san Mai Guga da faɗa ba. Tsohuwa ce gajera mai kaurin damtse, yatsunta duk tabon ƙuna. In ka kawo mata riga da maiƙo a ƙirji, sai ta wanke ka tas kafin ta wanke rigar. Amma ba a fasa kawowa, don karin da take fitarwa a hannun riga sai ka ji tsoron kada ya yanke ka.

Ɗaki ɗaya gare ta a gidan haya, na ƙurya, kusa da famfo. A ciki akwai gado, da akwatin ƙarfe, da teburin guga da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, sai jikarta, wadda kowa ke kira Balbela saboda tsawon ƙafa da siririn wuya. Uwar yarinyar ita kaɗai Mai Guga ta haifa, kuma ta rasu tun Balbela tana rarrafe. Uban mai gyaran wutar lantarki ne a wani gari mai nisa. Da ya zo ɗaukar 'yarsa, tsohuwa ta goya ta, ta ja zani ta ɗaure tamau, ta tsaya a bakin ƙofa. Mutumin ya ji kunyar surukarsa, ya sunkuyar da kai.

"Inna, na bar muku ita. Abu ɗaya nake roƙo, ta yi karatu. In ta yi karatu, ba ni da ta cewa."

"Za ta yi," in ji Mai Guga. "Ko da zan tauna littafin ne in ɗura mata."

Ita kuwa ba ta taɓa taka aji ba. Ko zaginta aka rubuta a bango, sai ta wuce ta ce an yi ado. Amma duk abin da hannu zai iya yi wa ɗan makaranta a gida, ta yi shi. Kayan makarantar Balbela sun fi na kowa guga. Fensirinta kullum a feƙe yake da reza. Gefe guda na tebur an ware mata, ko wandon wane ne ba ya hawa wurin. Da yarinya ta dawo ta ci abinci, sai a kashe rediyo, a kori 'ya'yan maƙwabta daga bakin taga, tsohuwa ta zuba gawayi a dutsen guga ta ce, "Ɗauko littafinki, uwar ɗakina. Karanta mini."

To da me za ta auna karatun? Da kunne. Da kunne take sanin dutse ya yi zafi, in ta yarfa masa ruwa ta ji irin ƙarar da ya yi. Da kunne take gane mai kayan da ke mata ƙarya. Kuma ta san yadda karatu mai kyau yake fita, don kullum tana jin mai labarai a rediyo: ba ya tsayawa, ba ya laluben baki, tafiya kawai yake kamar an buɗe famfo.

Ita kuwa Balbela, da farko ba haka nata yake ba. Sai ta kafa yatsa a shafi, ta haɗa gira, ta fara, "Ka… ka… kaf…"

Sai tsohuwa ta buga gindin dutse a tebur. "Wannan karatu ne ko shaƙuwa? Sake!"

"Kaf… kafi…"

"Ke! Bakinki ne ya yi nauyi ko idonki? Sake, na ce!"

Ba dukanta take yi ba, kada wani ya ɗora mata abin da ba ta yi ba. Tsoro ne yake cin ta. Duk in-inar da yarinya ta yi, sai ta ji kamar takun uban ne yake matsowa ƙofa.

Rannan sai karatu ya sake. Balbela ta buɗe shafi mai hoton wani mutum a cikin kwalekwale, ta ƙura masa ido, ta ja numfashi, sai ga magana tana zuba tiryan-tiryan: wani masunci ne da kifi ya roƙe shi ya mai da shi ruwa don ya bar 'ya'ya a gida. Ba gargada, ba tsayawa. Mai Guga ta ajiye dutse, ta rangaɗa "Alhamdu lillahi" har tela na ɗakin gaba ya leƙo. Ta aika aka sayo wa yarinya alewa.

Daga ranar, wannan lokacin ya zama mafi daɗi a yinin tsohuwa. Tana guga, tururi na tashi, jikarta na zaune a kan akwati ta miƙe dogayen ƙafafu, tana juya shafi tana karantawa. Littattafan makarantar nan, ashe, cike suke da labarai masu daɗi. Akwai na jakin da ya ƙi aiki sai an ce masa ranka ya daɗe. Akwai na wata tsohuwa mai guga da ta yi wa gajimare faɗa har ya fasa zubar da ruwa a kan shanyarta.

"Har da irina a littafin?"

"Har da irinki, Kaka. Amma ta littafi ta fi ki kyau."

"Ja'ira! Ai ita zana ta aka yi. Ci gaba."

Makaranta kuwa kowace shekara sai ta ciyar da Balbela gaba. Rubutunta kamar na inji, duk abin da aka sa a allo sai ta kwafe shi tsaf. In uban ya bugo waya ta hannun tela, Mai Guga takan ce, "Karatu? Ai sai dai a toshe mata baki." Haka har aji biyar.

A aji biyar aka kawo sabuwar malama. Ba a daɗe ba, wata rana Balbela ta dawo ta ƙi cin abinci, ta kwanta ta juya fuska bango. Da ƙyar tsohuwa ta tatso maganar.

"Malama ta ce in koma aji biyu. Wai ban iya karatu ba."

Mai Guga ta tsaya da riga a hannu. "Wa bai iya karatu ba?"

Washegari ko gawayi ba ta hura ba. Ta yafa mayafi, ta riƙo hannun yarinya, ta nufi makaranta. Mai gadi ya ce ta jira a tashi tara, ta ce ya jira shi ma ranar da za ta saurare shi. Ta faɗa ofishin hedimasta ba sallama. Ofis ne ƙarami, da fanka da ba ta juyawa, da tarin kujerun da suka karye a jingine a kusurwa.

"Ina wadda ta ce jikata ba ta iya karatu ba? A kira mini ita."

Hedimasta, wani mai tumbi da tabarau a kan hanci, ya ce, "Inna, ku zauna mana."

"Ban zo zama ba. Don kun ga marainiya ce, kakarta mai wanki, shi ya sa za ku mai da ita baya ku ba ɗan wani kujerarta? Na san irinku. Rigunanku nake wankewa, na san abin da ke aljihunku."

Aka kira malamar. Yarinya ce ƙarama, siririya, alli duk ya ɓata mata hannu. Ta durƙusa ta gaida tsohuwa, tsohuwa ta kau da kai.

"Ba ta littafi," in ji Mai Guga. "Kowanne kika ga dama. Yanzu a gabana."

Malama ta ce, "Inna, da kun bari mun yi magana mu biyu, ba a gaban…"

"A gaban kowa kika kunyata ta, a gaban kowa za ki wanke ta. Ba ta!"

Malama ta ɗauko littafi a kan tebur, ta buɗe, ta miƙa. Balbela ta dubi kakarta, idonta ya cika da ruwa, ta dubi shafin. Akwai hoton wata yarinya a bakin famfo. Sai ta fara: labarin wata yarinya ce da famfo ya ƙi ba ta ruwa sai ta gaya masa inda uwarta ta tafi. Ta yi shi har ƙarshe ba tuntuɓe, yatsanta yana bin layi.

Mai Guga ta riƙe ƙugu. "To? Kun ji ko kunnenku ma sai an mai da shi aji biyu?"

Hedimasta ya cire tabarau yana gogewa. Malama ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Inna, ko kalma ɗaya daga abin da ta faɗa babu ita a shafin nan."

"Ƙarya kike!"

"Wallahi, Inna."

"Bakinku ɗaya!" Ta fizge littafin, ta sa yatsa ta danne shafin don kada ya ɓace mata, ta fita. Ta tsallaka titi zuwa shagon mai kemis, wanda ba ruwansa da makaranta, kuma ita ke goge masa farar rigarsa. Ta dangwara masa littafin a kan kanta.

"Karanta mini nan. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Mai kemis ya yi dariya. "Inna, an shiga yaƙi da jahilci ne?" Da ya ga fuskarta, sai ya kama kansa. Ya karanta: "Mu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Mu wanke hannu bayan mun fito daga bayan gida. Tsabta tana kare mu daga cuta."

"Ina wurin da famfo ya yi magana?"

"Wane famfo? Ai shi ke nan, Inna. Sai tambayoyi a ƙasa."

Mai Guga ta rufe littafin, ta koma ta ajiye wa mai gadi, ta riƙo hannun jikarta. Suka nufi gida.

A ɗaki ta hura gawayi don hannunta ya samu abin yi. Ta shimfiɗa rigar wani, ba ta dubi yarinya ba ta ce, "Masuncin nan fa?"

"Nawa ne."

"Jakin?"

"Nawa ne, Kaka."

"Duk?"

Balbela ta gyaɗa kai. Ta dunƙule a kan akwati, ta haɗa gwiwa da haɓa. "In na yi na gaske sai ki buga tebur. In na yi nawa sai ki yi dariya. Ni kuma na gasken ba ya fitowa da sauri. A aji ma ba a tambayar mutum shi kaɗai, tare ake faɗa, sai in bi bakinsu."

Mai Guga ta buɗe baki za ta yi faɗa, kamar yadda ta saba, faɗan ya ƙi zuwa. Ƙauri ne ya dawo da ita. Ta ɗaga dutse, ga shatinsa baƙi ƙirin a bayan rigar mutane, abin da bai taɓa faruwa da ita ba tun tana budurwa.

Faɗan bai ɓace ba, hanya ya sake. Kashegari ta koma wurin hedimasta.

"Ni jahila ce, na yarda, ba a sa ni makaranta ba. Ku fa? Ni da kunne na saurara don shi nake da shi. Ku masu ido, me ya hana ku dubawa? Tun daga aji ɗaya yarinya take zuwa nan, rana da ruwa, ba ta taɓa fashi ba. Wa ya ce ta ci? Wa ya tura ta gaba? A fito mini da shi."

"Inna, malamin da ya riƙe su an yi masa canjin wurin aiki."

"Na bayansa fa?"

"Ya yi ritaya."

"Kai fa? Kai ma an canza ka ne, kujerar ce kawai nake gani?"

Hedimasta ya yi ajiyar zuciya. "Ku leƙa ajin ku gani. Yara har kan taga. Malami ɗaya ba zai iya bin kowa ba. Ai shi ya sa muke cewa iyaye su riƙa taimakawa a gida."

"A gida? Ni za ka gaya wa gida? Da ranar da na kawo ta wani a cikinku ya ce mini, tsohuwa, in-ina ba laifi ba ce, haka ake farawa, da na ɗaure hannuna a baya. Magana ɗaya! Ko ita ma an yi mata canjin wurin aiki? Ku biya ta shekarunta."

"Shekaru kuma ta yaya za a biya su, Inna?"

"Ku kuka ci, ku za ku san yadda za ku amayo."

Har ofishin ilimi ta je, ta wuni a kan benci. Da aka kira ta, wani saurayi mai danna waya ya saurari rabin maganarta ya ce ta je ta rubuto ƙorafinta. Ta ce, "Ɗan nan, da akwai mai rubutu a ɗakina, me zai kawo ni nan?" Ya ce haka tsarin yake.

Sabuwar malamar ce kaɗai ta tako har gida, ta zauna a bakin gado ta ce yarinyar tana da kai, za ta iya. Amma sai an samu wanda zai zauna da ita kullum, ko na ɗan lokaci ne, idonsa yana bin yatsanta a kan shafi, in ta kauce ya dawo da ita. Ita ɗin gidanta da nisa, ga jariri.

Mai Guga ta bi mutanen gidan ɗaki ɗaki, ita da ba ta taɓa roƙon kowa ko ashana ba. Tela ya yarda, amma ƙafarsa na kan keke, idonsa na kan allura, sai dai ya riƙa cewa "eh, ci gaba". Matar mai faci ta gwada, ta gaji, ta ce yarinyar ta yi girma da wannan. Ita kanta tsohuwar ta zauna kusa da jikarta, ta kafa wa shafi ido har ya yi mata ruwa, baƙaƙen suna nan kamar tururuwa, ba su ce mata komai ba.

A aji biyu kuwa, Balbela ta fi kowa tsawo, gwiwarta ba ta shiga ƙarƙashin benci. Yara suka sa mata suna Kakar Aji, suna binta da shi har layi. Ta fara ciwon ciki kowace safiya. Ta daina ba da labari, nata da na littafi duka. Sai ta zauna a kan akwati ta yi shiru, ɗaki ba abin da ake ji sai ƙarar dutse.

Tsohuwa da kanta ta ce wa tela ya kira uban. Ba ta ɓoye masa komai ba.

Ya zo da hantsi, ya cire takalmi a waje, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ya yi furfura a gemu tun rabonta da shi. Ta zaci zai yi faɗa, har ta shirya masa amsa. Sai ya ce, "Inna, ku kuka raine ta, ban da bakin da zan ce ku ba ni ita. In kun ce a bar ta, na bar ta."

Da ya yi faɗa, da ta ji sauƙi. Ta dubi tulin kayan guga, ta dubi yarinya da ke maƙale a jikin ƙofa.

"Matar da ka aura, ta yi makaranta?"

"Ta yi, Inna."

"Tana da haƙuri, ko irina ce?"

Ya ɗan yi murmushi. "Tana da haƙuri."

"Za ta zauna da ita kullum? Ba ranar da ta ga dama ba, kullum. In yarinya ta maƙale a kalma, ta bar ta ta maƙale, kada ta yi mata tsawa, kada ta buga komai."

"Za ta zauna. Ni ma in na dawo aiki zan zauna."

"A can ba wanda ya san ta taɓa zama aji biyar?"

"Ba wanda ya sani."

"To kada ka gaya wa kowa. Tafi da ita."

"Kaka!" in ji Balbela.

"Rufe mini baki. Ɗauko kayanki in goge, ba za ki shiga gidan mutane a yamutse ba."

Ta goge su ɗaya bayan ɗaya, har da ɗankwalin da ba ya buƙatar guga, tana ninkewa tana jerawa a jaka. Yarinya na tsaye a gefenta tana kuka ba sauti.

"Zan yi na gaske a nan, Kaka. Wallahi zan yi."

"Wa zai gaya mini na gaske ne?"

Balbela ta share hawaye. Can ta ce, "In na iya, zan dawo?"

Mai Guga ba ta iya ƙarya ba, ko ga yaro. "Ban sani ba. Ubanki ne. Riƙe jakar da kyau."

Ta raka su tasha. Ba ta yi kuka ba, sai ma faɗa da ta yi wa kwandasta don ya ɗora buhu a kan jakar. Mota ta tashi, siririn wuyan nan ya leƙo ta taga har suka sha kwana. Tsohuwa ta tsaya har hayaƙin ya baje, masu talla suna kewaye ta suna wucewa.

Ba ta nufi gida ba. Ƙafarta ta kai ta makaranta, lokacin ana shirin tashi. Mai gadi ya gan ta ya matsa gefe. Ta shiga ofis, ta jawo kujera ɗaya daga cikin masu sauran ƙafa, ta zauna a gaban teburin hedimasta. Shi kuwa har ya ɗauki makullin babur ɗinsa.

"Inna, ai na ji an ce uban ya zo ya tafi da yarinyar. Me kuma ya rage?"

"Ni na rage," in ji Mai Guga. "Ajiye makullin nan. Ba ka ba ni amsa ba."